Dokar kullen 2020 da masu hawan jini: wa ya tuna da su?

Malam Bashir:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman izinin dattawan wannan zaure in kawo wata magana da nake ganin an tsallake ta. Idan aka tuna dokar kullen korona, abin da yake zuwa bakin mutane shi ne yunwa, da rufe kasuwanni da masallatai, da yaran da suka shafe watanni babu makaranta, amma da wuya ka ji wani ya tambayi halin da masu hawan jini da ciwon zuciya suka shiga, alhali kuwa kusan ɗaya cikin kowane manya uku a Najeriya yana da hawan jini.

A Kano an rufe gari a daren 16 ga Afrilu, 2020, sannan Shugaba Buhari ya ƙara tsaurara dokar a jawabinsa na 27 ga watan, ana cikin kwanakin farko na azumi. A watan nan ne aka yi ta binne dattawa har labarin ya zaga duniya. Gwamnatin jihar ta fara cewa hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, mutane da yawa kuma suka ɗauki bayanin a matsayin rufa-rufa. A watan Yuni ministan lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya ce kwamitin da aka tura ya ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana iya danganta su da korona a kan wata cuta da mutum yake ɗauke da ita tun da farko. Ragowar su ne suka tsaya mini a rai. Ra'ayina shi ne da yawa daga cikinsu mutane ne da rayuwarsu ta rataya a kan ƙwayar magani ta kullum, aka toshe musu hanyar samunta da hanyar ganin likita a lokaci guda. Ina roƙon masana lafiya da ke cikinmu su yi mana bayani.

Injiniya Nura:

Wa alaikumussalam, Malam Bashir. Tambayar ta cancanci a yi ta, amma ina ganin ka ɗora wa dokar nauyin da ba nata ba. A cikin wannan bayani na minista an ce ana binne mutum 43 a rana, alhali abin da aka saba gani shi ne 11, kuma abin ya fi ƙamari a mako na biyu na Afrilu. Ke nan wani kaso na ragowar da kake tambaya mace-macen da aka saba ne, sannan a mako na biyu ba a riga an rufe Kano ba. Dokar da ba ta fara aiki ba ta yaya za ta kashe mutum?

Bayan haka, ita kanta cutar tana taɓa zuciya. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 150,000 da suka kamu da korona ya nuna cewa har shekara guda bayan sun warke, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya fi yawa a cikinsu. Masu hawan jini da ciwon suga su ne cutar ta fi kayarwa a ko'ina, don haka su ne suka fi kowa amfana da a hana ta yaɗuwa.

Dakta Rabi:

Injiniya, gaskiya ne dokar ba ta fara aiki ba sai tsakiyar wata, amma tsoro ya riga ta isowa. Tun da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rage aiki ko suka rufe ƙofa saboda babu kayan kariya, mutane kuma suka fara gudun asibiti don kada a ce musu korona ce a kai su wurin killacewa. A cikin bayanin ministan akwai cewa kashi 56 cikin ɗari na mamatan a gida suka cika. Dokar da ta zo, sai ta ƙara wa tsoron rashin abin hawa da rashin kuɗi.

Wannan abu ya fi fitowa fili a ƙasashen da suke rubuta kowane majinyaci. A Ingila, masu zuwa asibiti da toshewar jijiyoyin zuciya sun ragu da kashi 40 cikin ɗari zuwa ƙarshen Maris na 2020 idan aka kwatanta da 2019. A Italiya, cikin mako guda na watan Maris, masu zuwa da bugun zuciya sun ragu da kusan rabi, waɗanda suka iso da mafi munin nau'insa kuma mutuwarsu ta ninka fiye da sau uku. A yankin Lombardi na ƙasar, waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba a asibiti ba sun ƙaru da kashi 58 cikin ɗari, kodayake ita korona tana da hannu babba a wannan. Mutum yana jin ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, yana zufa, sai ya ce bari ya ga gobe.

Shi kuwa hawan jinin kansa, likitocin asibitin Cleveland Clinic a Amurka sun duba awon mutum fiye da 460,000, suka buga sakamakon a mujallar Circulation a Disamban 2021. Daga Afrilu zuwa Disamba na 2020, lambar sama ta awon, wato ta farko cikin lambobi biyun da na'urar awon jini ke nunawa, ta ƙaru da maki 1.1 zuwa 2.5 a kan ta 2019, kuma ƙarin ya fi yawa a cikin mata. Wani zai ce maki biyu ba wani abu ba ne, kuma ga mutum ɗaya haka ne. Sai dai idan al'umma guda ce awonta ya ɗaga da maki biyu, lissafin ya sauya, domin babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2002 a kan mutum miliyan ɗaya ya nuna cewa bambancin maki 2 a lambar sama yana tafiya da bambancin kusan kashi 10 cikin ɗari na mutuwa ta dalilin shanyewar ɓarin jiki, da kashi 7 ta dalilin toshewar jijiyoyin zuciya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tafiya a ƙasa ta ragu: bayanan wayoyin mutum fiye da 450,000 a ƙasashe 187 sun nuna cewa cikin kwana 30 da ayyana annobar, takun da mutane ke yi a rana ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Barci ya lalace. Fargaba tana sa jiki ya riƙa sakin sinadarai irin su adirenalin, waɗanda suke matse jijiyoyin jini su kuma hanzarta bugawar zuciya, kuma idan fargabar ta yi watanni ba ta sauka ba, jinin ma ba ya sauka. Amma wanda na fi ba muhimmanci shi ne yankewar magani. A watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155, kashi 53 cikin ɗari suka amsa cewa kula da masu hawan jini ta samu cikas a wurinsu, ko ma ta tsaya cak.

Injiniya Nura:

Na gode, Likita, amma ba duk binciken ne ya tafi wannan hanya ba. A Faransa an duba awon mutum fiye da 2,000 da suke gwada jininsu a gida da na'urar da ke tura sakamako ta intanet, aka ga awon nasu ya sauka a lokacin kullen. An samu makamancin haka a wani ƙaramin bincike a Italiya. Kuma hankali ya ɗauka: babu sammakon fita aiki, babu cunkoson titi, babu abincin waje mai gishiri, mutum yana barci ya ƙoshi. Idan haka ne, ba za a ce kulle yana ɗaga jini haka kai tsaye ba.

Dakta Rabi:

Binciken yana nan, kuma na ji daɗi da ka kawo shi, domin shi ne ya fi taimaka wa maganar Malam Bashir. Ka dubi su waye aka auna. Mutum ne mai na'urar awo a ɗakinsa, wanda ya damu da lafiyarsa har yake gwadawa a kai a kai, a ƙasar da inshora ke biyan kuɗin magani kuma aka tallafa wa ma'aikata da albashi suna zaune a gida. Irin wannan mutum kulle hutu ne a wurinsa. Wanda ya shiga uku shi ne wanda ba a taɓa auna shi ba, da wanda maganinsa ya ƙare. A Birtaniya, inda ganin likita kyauta ne, wani bincike da mujallar Nature Medicine ta buga a 2023 ya gano cewa daga Maris na 2020 zuwa Yulin 2021 mutum kusan 491,000 da ya kamata su fara shan maganin hawan jini ba su fara ba, kuma masu binciken sun yi ƙiyasin cewa idan aka bar su haka, za a samu ƙarin ciwukan zuciya da na jijiyoyin jini fiye da 13,000. Idan wannan ya faru a Birtaniya, sai a auna halin mai turin kura a Kurna.

Alhaji Sule mai kemis:

Likita, Allah ya saka da alheri. Ni bari in faɗi abin da na gani daga bayan kanta. Mutanenmu ba sa sayen maganin wata uku su ajiye. Mai hawan jini a unguwa kati ɗaya yake saya, wani ma ƙwaya biyar zai ce a yanko masa da almakashi, domin rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ce: ya fita da safe, abin da ya samo a raba tsakanin cefane da magani. Ranar da aka ce kowa ya zauna a gida, maganin ne ya fara fita daga lissafi, saboda yunwa tana magana, hawan jini kuwa shiru yake yi har ranar da zai kayar da mutum.

An ce dokar ba ta shafi masu sayar da magani ba, kuma a takarda haka ne. To amma mu da wace mota za mu je sari, kasuwa a rufe, babu a-daidaita-sahu, ga shinge a kowane shataletale? Da aka sassauta a farkon Mayu aka ba da Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, gari gaba ɗaya yake fitowa lokaci guda, kuma dattijo mai haki ba ya iya wannan turereniya da bakin azumi.

Akwai wani dattijo, tela, da ya daɗe yana karɓar maganin hawan jini na amlodifin a wurina. Wata Alhamis ya zaro katin daga aljihun gaban rigarsa ya ajiye mini a kan kanta, sai na ga ramukan biyu na ƙarshe kowanne da rabin ƙwaya an mayar an danne da takardar. Ya ce da reza yake raba ta biyu don ta kai shi. Na ɗaura masa na'ura, lambar sama ta haura 190, shi kuma yana ce mini lafiyarsa ƙalau, ƙeyarsa ce kawai take ɗan yi masa nauyi, a ba shi na ciwon jiki. Nan ma wata matsala ce: mutane sun sha diklofenak da ibufurofen sosai a lokacin saboda ciwon jikin zama, su kuwa waɗannan suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda.

Sannan abinci. Kayan tallafin da ya isa hannun wasu, shinkafa ce da taliyar leda mai ƙullin sinadari. Babu nama, babu kayan miya, sai uwargida ta ƙara dunƙule da gishiri don abincin ya ciwu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake ɓoye a cikin dunƙule. Wa ya iya kiyaye wannan a watan Mayun 2020?

Wasu kuma da kuɗinsu suka daina shan lisinofiril, wani maganin hawan jinin, wai sun gani a WhatsApp cewa yana buɗe wa korona ƙofa.

Dakta Rabi:

Wannan ta ƙarshen ta yi ɓarna a duniya baki ɗaya, Alhaji. Asalinta hasashe ne na wasu masana a watan Maris na 2020, saboda ƙwayar cutar tana shiga jiki ta wata kafa da ake kira ACE2, wadda take cikin tsarin da su lisinofiril da losatan suke aiki a kansa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fito a cikin watan ta ce kowa ya ci gaba da shan maganinsa, daga baya kuma aka yi gwaji a Birazil a kan majinyata 659 da aka kwantar da korona, aka dakatar wa wasu maganin aka bar wa wasu, ba a ga wani amfani a dakatarwar ba. Sai dai jita-jitar ta shiga wayoyi cikin kwanaki, gyaran kuma bai isa ga yawancin mutane ba.

Hajiya Binta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, na ga ya kamata in sa baki, domin a gidana abin ya faru. Maigidana yana da hawan jini tun kafin annobar, yana da katin asibiti, kuma ba ya wasa da ranar ganin likita. Da aka rufe gari aka ɗage musu ranar ba tare da an faɗi wata ba. Maganinsa ya ƙare ana tsakiyar azumi, ya ce a bari sai an buɗe gari, tunda ba ya jin komai, ga shi shagonsa a kulle, yana ta tunanin kuɗin haya da na mutanen da suka ba shi kaya.

Muna sahur ya ɗauki kofi zai sha ruwa, sai na ga ruwan yana zuba ta gefen bakinsa na dama yana jiƙa masa riga. Na yi masa magana, ya amsa, amma harshen ya yi nauyi ban gane abin da ya ce ba. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Har gari ya waye muna neman mota, domin maƙwabcinmu mai mota yana tsoron kada a kama ta. Da muka samu, asibitin farko ko ƙofa ba su buɗe mana ba, mai gadi ya leƙo ya tambaya ko yana tari. Na biyu suka ce babu gado. Sai bayan azahar aka karɓe shi a na uku. Alhamdu lillahi yana raye, yana takawa da sanda, amma hannun dama bai dawo ba, shagon kuma ƙaninsa ne yake zama.

Injiniya, ban ce kada a yi doka ba, mu ma mun ji tsoron cutar. Amma mu gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago, kuma babu wanda ya rubuta sunan maigidana a cikin waɗanda annobar ta taɓa.

Injiniya Nura:

Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi. Ba ni da ja a kan abin da kika faɗa. Har yanzu ina kan cewa rage cuɗanya ya ceci rayuka, amma dokar da ba ta tanadi motar da za ta ɗauki marar lafiya da asuba ba, an yi ta da saura.

Dakta Rabi:

Amin. Hajiya, abin da kika gani su ne alamomin da nake so kowa a zauren nan ya haddace: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. Idan aka ga ko da ɗaya ce, a nufi babban asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi, a inda ake da shi. Ko babu shi, isa da wuri yana rage ɓarna. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu ko kunu a wannan hali, saboda haɗiyarsa tana iya lalacewa abin ya bi ta huhu. Kada kuma a haɗa masa ƙwayoyi don a sauke jinin da ƙarfi a gida. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Malam Isufu daga Yamai:

Gaisuwa ga jama'ar zaure. Mu a Nijar ba a hana fita da rana ba kamar Kano, amma an killace Yamai daga sauran ƙasa a ƙarshen Maris, an sa dokar hana fitar dare, an kuma rufe masallatai har zuwa 13 ga Mayu. Ina so in tsaya a kan masallacin, domin akwai abin da binciken Turawa ba zai gani ba. Idan likita ya ce a yi motsa jiki na minti 150 a mako, dattijonmu ba ya zuwa filin wasa. Motsa jikinsa shi ne tafiya masallaci sau biyar a rana da dawowa, da zuwa kasuwa, da gaisuwar mutuwa da suna, da tarawihi idan azumi ya kama. Wanda gidansa yake da tazarar minti biyar daga masallaci, tafiya da dawowa kaɗai sun ba shi minti 50 a rana bai sani ba. A rana ɗaya aka ɗauke masa wannan duka.

Haka kuma majalisar ƙofar gida bayan la'asar, nan ne yake sauke abin da ke ransa. Mahaifina da ya daina fita, sai ya koma rungume da rediyo, daga labarin mutuwa a Italiya sai na Amurka, dare ya raba idonsa biyu. Ga zafin Afrilu da ya haura digiri 40, ga azumi, ga maganinsa mai sa fitsari. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ya koma ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai. Da muka kai shi likita aka ce zuciyar ce ta gaji.

Anti Ladi ungozoma:

Allah ya ƙara sauƙi, Malam Isufu. Ni kuma zan tuna muku mata masu ciki, domin an yi ta maganar dattawa. Babban dalilin da ya sa muke nacewa a zo awo shi ne mu ɗaura na'ura a hannu mu kuma gwada fitsari. Awon jinin mace yana iya kaiwa 140 bisa 90 bayan cikinta ya wuce mako 20 ba ta ji komai ba, kuma idan muka gani da wuri, metildofa ko nifedifin da sa ido sun isa su kai ta haihuwa lafiya. A watannin kulle bencinan awo sun zama wayam. Sai dai a kawo mana yarinya da cikin fari tana jijjiga, ta tauna harshenta, fuska a kumbure, 'yan'uwa suna cewa kwana biyu tana kukan ciwon kai da ganin dishi-dishi. A nan sai allurar maganiziyam da neman a raba ta da cikin, wani lokaci a samu uwa a rasa ɗa.

Bayan haihuwa ma akwai abin dubawa. Arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa suna danganta shi da kunun kanwa da wankan jego, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero kuma ya jagoranci babban bincike a kansa a faɗin ƙasar. Kanwa gishiri ce a wurin jiki. Mai jegon da ta haihu a gida lokacin kulle, ba a auna ta ba, tana shan kunun kanwa safe da yamma, idan ta fara haki da tari sai kowa ya ja baya ya ce korona ce.

Malam Bashir:

Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Abin da nake so in ji yanzu shi ne, tunda annoba ba ta sallama, ga kuma dokar hana fita da ake sawa saboda rikici ko ambaliya da ke yanke gari, me ya kamata hukuma ta tanada tun kafin ranar? Likita, a ina za a fara?

Dakta Rabi:

A fara da abin da aka riga aka gwada a ƙasar nan. A lokacin kullen, masu kula da masu cutar ƙanjamau sun faɗaɗa tsarin ba majinyaci maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda, wasu ma har unguwa ake kai musu, don kada shan maganin ya yanke. Mai hawan jinin da awonsa ya daidaita babu abin da zai hana a yi masa haka. Na biyu, a sauko da kulawar zuwa ƙaramin asibitin unguwa, inda mutum zai taka da ƙafa. An fara wani shiri irin wannan a jihohin Kano da Ogun, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suke auna jini su fara ba da amlodifin bisa ƙa'ida guda a rubuce, sai wanda abin ya gagara a tura shi gaba. Na uku, duk jawabin da zai ce a zauna a gida, ya faɗa da baki ƙarara cewa mai ciwon ƙirji, da wanda bakinsa ya karkace, da mai naƙuda, su fito, kuma jami'in da ke kan shinge ya ji wannan daga bakin shugabansa.

Alhaji Sule mai kemis:

Likita, maganin ƙanjamau kyauta ake ba da shi, shi ya sa tsarin ya yiwu. Mutumin da yake sayen ƙwaya biyar ba zai iya biyan na wata uku ba ko an rubuta masa, balle yanzu da farashin magani ya ninka. Idan ba a sa amlodifin da abokansa cikin abin da inshorar jiha ko asusun lafiya na matakin farko zai ɗauka ba, takardar za ta ƙare a aljihu. Abin da na ga ya yi aiki a unguwarmu shi ne wasu matasa da suka haɗa kuɗi suka sayi na'urar awo guda, suka ajiye ta a hannun ladan, ana auna dattawa ranar Juma'a a rubuta a littafi. Mutum uku na sani da aka gano ta nan.

Hajiya Binta:

Mu ma yara sun saya mana na'urar, Likita, amma kowane gwaji da lambarsa, har na rasa wadda zan kama. Yaya ake yi?

Dakta Rabi:

Sauyawar lamba ba laifin na'ura ba ne, Hajiya, haka jini yake. Ki sa maigidan naki ya yi fitsari tukuna, kuma kada ya ci goro ko ya sha shayi ko kofi cikin rabin awa kafin gwajin. Ya zauna a kujera minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma a ɗaura a damtsen hagu tunda na dama ne ya samu matsala, a kan fata ba a kan riga ba. Kada ya yi magana ana gwadawa. A yi sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin ya sha magani da kuma yamma, har kwana bakwai, ki rubuta duka da kwanan wata ki kai wa likitansa. Awon gida idan matsakaicinsa ya kai 135 bisa 85 ana ɗaukarsa ya hau, kuma ga wanda ya taɓa samun shanyewar jiki likita zai so ya ga ƙasa da haka. Idan kika ga 180 bisa 120, ki sake gwadawa bayan minti biyar, in bai sauka ba ki nemi likita a ranar. Idan kuwa ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko ruɗewa, ko sabon rauni a hannu ko ƙafa, kada ki tsaya sake gwaji, ku tafi asibiti ko da ƙarfe nawa ne.